Ko Ruwan Ya Gangaro

Litinin, 15 ga Oktoba, 1962, ƙarfe biyar na yamma

Likita ya zo, ya tafi. Ya daɗe yana wanke hannu a kicin, har na fara zaton sabulunmu ne ya yi masa daɗi. Da ya gama ya ce in sauko da gadon matata Fien ƙasa kusa da murhu, hawa bene ya ishe ta haka. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai ƙara ba. Ni da Riek, ƙanwarta, muka sauko da gadon. Riek tun jiya ta zo da akwatinta, wato ta riga ni sani.

Fien ce ta sa ni wannan rubutu, wai in daina zagaye ɗaki ina sa mata jiri. Littafin shago ne da nake rubuta kekunan da aka kawo gyara, na juya shi ta baya.

Da Riek ta fita ɗebo kwal, sai Fien ta ce, "Ɗan hayi, zo ka zauna." Shekara talatin da ɗaya ke nan tana kirana haka, garin ma duk haka suke kirana, don daga hayin kogi na zo, inda babu Fada irin na cocinsu na Katolika sai fasto. Ta ce, "Ban taɓa roƙonka wannan ba, ka shaida." Na ce na shaida. Ta ce, "So nake mu karɓi tarayya tare, gurasar Ubangiji, ni da kai. Sau ɗaya tak. Kowace Lahadi in tashi in je gaba, in waiwayo in hango ka a bencin baya ka rungume hula kamar mai jiran mota. Na gaji da zuwa ni kaɗai, Evert."

Na ce to. Da sauri na faɗa, kamar ruwan sha ta ce in miƙo mata.

Laraba, 17 ga Oktoba, da rana

Na je gidan Fada Smulders. Ya ba ni kujera mai laushi, ya miƙo mini sigari, abin da bai taɓa yi ba duk shekarun da nake gyara masa keke. Da na ce ina so in shiga cocinsu, ya ce Allah ya amsa addu'ar Fien. Ya ce karatu ba zai ja lokaci ba, mutumin da ya yi shekara talatin a bencin baya ya fi na gaba jin wa'azi, don su barci suke yi.

Sai ya ce, "Saura baftisma."

Na ce, "An yi mini, Fada. Watan Fabrairu, 1901."

Ya ce, "Evert, kada ka ɗauke ni ba daidai ba. Coci ba ta ce baftismarku banza ce ba. Baftisma ɗaya ce, ba a yin ta sau biyu, ko wa ya yi ta, muddin da ruwa ne, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Amma dole ruwan ya gangaro a goshi. Fastocinku na wancan zamani, wasunsu yatsa kawai suke jiƙawa su dangwala, wani sa'in ma a kan hular jariri. Naka wa ya gani?"

Na juya sigarin a hannuna. Ya ce abu ne mai sauƙi. Zai kai ni ɗakin da suke ajiye rigunan sujada, babu taro, ya zuba mini ruwa ya ce in ba a taɓa yi maka ba, to ga shi ina yi maka. Minti biyu, a cewarsa. Na ajiye masa sigarinsa a kan tebur ban kunna ba, na ce sai an jima.

Ban san Inna ba. Babu hotonta, ban san muryarta ba. Abu ɗaya na sani: ta tashi daga gadon ciwo ina da sati uku, ta ƙi kowa ya ɗauke ni, ta bi kan ganuwar kogi a ƙafa cikin sanyin Fabrairu har coci, ta riƙe ni aka yi mini baftisma, ta dawo ta kwanta. Bayan kwana goma sha tara aka binne ta. Shi ke nan abin da na san ta yi mini da hannunta. Yanzu kuma in tsaya in sunkuyar da kai, wani ya ce mai yiwuwa ba ta yi komai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Alhamis, 18 ga Oktoba, da hantsi

Fien ta tambaya. Na ce Fada ya yi murna, saura 'yan takardu. Ta sha romo cokali biyar.

Asabar, 20 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Ƙaramin Fada, Loeffen, ya turo kekensa, tayar baya ta yi faci. Na san ba don taya kaɗai ya zo ba, ramin da na gani ko allura ba za ta yi alfahari da shi ba. Ina tsoma robar cikin bahon ruwa ina neman kumfa, shi kuma yana tsaye a kaina yana zuba. Wai bishop-bishop na duniya duk sun taru a Rum, har an gayyaci fastoci su zauna su saurara. Wai duk wanda aka yi wa baftisma ɗan'uwa ne, ko a wace coci, ruwa ɗaya ya wanke mu, rabuwar nan abin kunya ce ga kowa. Ya ce, "Ka jira ka gani, Evert, nan da shekara biyu ko uku za a daina wannan sake zuba ruwan."

Na ce, "Shekara uku, Fada?"

Ya kalli ƙofar da ke shiga ɗakin Fien. Kunnuwansa suka yi ja. Yaron kirki ne, tausayinsa na ji.

Sai ya ce akwai wata hanya, ya riga ya yi magana da Fada Smulders. In akwai mai rai da ya gani da idonsa ruwan ya gangaro, ya sa hannu a takarda, to ba za a sake zuba mini ba, sai kawai a karɓe ni. Ya ciro takardar daga aljihu, a shirye take, wurin sa hannu kaɗai ya rage. Ya ce, "Akwai wanda ya saura?"

Akwai. Yayata Dirkje. Ta girme ni da shekara tara, ita ta raine ni, ita ta koya mini ɗaure takalmi da addu'ar cin abinci. Ranar da na auri Fien ta aiko mini da kayana cikin buhun dankali, tun daga ranar ba ta sake ce mini uffan ba. A jana'izar Baba ma ta wancan gefen kabarin ta tsaya.

Lahadi, 21 ga Oktoba

Ruwa ake yi tun safe. Cokali huɗu.

Talata, 23 ga Oktoba, da yamma

Na hau jirgin fito na haye. Na fara zuwa wurin faston garinmu, sabo ne, bai san ni ba. Ya buɗe tsohon littafi, ga sunana, ga ranar, ga sunan Baba da na Inna. Babu inda aka rubuta yawan ruwa, wa zai rubuta wannan? Ya tambayi abin da zan yi da shi, na faɗa masa, fuskarsa ta rufe. Ya ce, "Su ne ke da Ruhu Mai Tsarki a aljihu ke nan, har sai sun auna namu?" Abin da nake faɗa wa kaina ke nan kwana shida.

Daga nan na je ƙofar gidan Dirkje. Labulen nan ne dai, fari mai geza, ta wanke shi har ya kusa zama takarda. Na tsaya na ƙare masa kallo, na juya na kama jirgin ƙarfe uku. Namiji mai shekara sittin da ɗaya, labule ya kore ni.

Alhamis, 25 ga Oktoba, da rana

Rediyo sai maganar jiragen yaƙi take yi, wai manyan ƙasashe na shirin ƙona duniya. Matan unguwa sun kwashe sukari da sabulu a kanti. Ni ko a jikina. In za ta ƙare ta ƙare, a huta da takarda.

Riek ta ji komai, mai aikin gidan Fada ƙawarta ce. Ta same ni a shago ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Kai dai Allah ya zuba maka taurin kai. Ruwa cokali uku! Wuni kake hannunka cikin ruwan faci ba ka narke ba, na Fada ne zai narkar da kai?"

Na ce, "Riek, je ki duba tukunyarki."

Ta ce, "Tukunyata lafiyarta ƙalau. Yayata ce ba lafiya, ko ka manta?"

Ban manta ba. Da Riek muke tsokanar juna tun tana budurwa, amma yau ba tsokana take yi ba.

Asabar, 27 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na ƙwanƙwasa ƙofar Dirkje.

Ta buɗe, ta dube ni daga ƙasa zuwa sama, ta ce, "Cire takalmi." Maganarta ta farko ke nan a shekara talatin da ɗaya. Ta tsufa, ta ƙanƙance, amma bayanta a miƙe yake kamar da. Kicin ɗin bai canza ba, Littafi Mai Tsarki na Baba na nan a gefen tebur. Ta zuba mini kofi, ta ba ni biskit ɗaya, ta rufe gwangwanin.

Ta ce, "Ta mutu ne?"

Na ce, "Tukuna."

Na yi mata bayani daga farko, na shimfiɗa takardar a gabanta. Ba ta taɓa ta ba. Ta ce, "Bari in ji ko na gane. So suke in rantse musu ruwan Allah ya isa, don su samu su ɗauke ka da sauƙi."

Na ce, "Yaya, don kada su sake zuba mini ne."

Ta ce, "In na sa hannu ka shiga wurinsu. In ban sa ba ka shiga wurinsu da jiƙaƙƙen kai. Ni ina tawa a ciki?"

Na ce, "Kin gani ko ba ki gani ba?"

"Ina tsaye gefen Inna riƙe da mayafinta. Me zai hana ni gani?"

"To ya gangaro?"

Ta ɗauke kofina tun ban shanye ba, ta je ta ɗauraye shi, ta daɗe tana gogewa. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Na raine ka a cikin gaskiya, Auta. Ba zan buɗe maka ƙofar fita da hannuna ba."

Auta. Na ɗauka ta manta da wannan sunan. Da na yi shiru a nan da ya fi, amma jinin gidanmu ɗaya ne. Na faɗa mata wata magana a kan zaman da ta yi ita kaɗai duk rayuwarta, da dalilin da ya sa babu mai ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ba zan rubuta ta ba. Ta ce, "Takalminka na waje." Na bar takardar ƙarƙashin gwangwanin biskit, ba don ina sa rai ba, kunyar ɗauka na ji.

Lahadi, 28 ga Oktoba

Rediyo ta ce duniya ba za ta ƙare ba. Cokali uku.

Talata, 30 ga Oktoba, da hantsi

Na koma wurin Fada Smulders na ce ya karɓi maganata, ni ba maƙaryaci ba ne. Ya ce, "Na sani. Amma satinka uku a duniya a lokacin, me ka gani?" Abin haushi shi ne yana da gaskiya.

Na so ya yi mini tsawa in samu in tsane shi, bai yi ba. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Kana zaton daɗi nake ji? Tsoro nake ji, Evert. Baftisma ce ƙofa, sauran duk a bayanta suke. In na ba ka tarayya alhali ba ka shiga ta ƙofar ba, me na ba ka, me na ba Fien? Zan tsaya gaban Allah in ce na yi zato?"

Na ce, "Ni kuma in tsaya gaban uwata in ce me?"

Ya ce bai sani ba. Aƙalla bai yi mini ƙarya ba.

Juma'a, 2 ga Nuwamba, da yamma

Ranar tunawa da matattu. Gari duk ya tafi makabarta da furanni, Riek ma ta je. Na zauna gefen Fien na rubuta wa Dirkje wasiƙa. Sau uku ina yagewa. Ta ƙarshe layi huɗu ce: na ba ta haƙuri, na ce maganar da na faɗa ƙarya ce, na ce lokaci ya ƙure, na sa hannu Auta.

Fien ta ce, "Wa kake rubuta wa da har kake gumi? Budurwa ka yi tun ban tafi ba?" Na ce e, 'yar shekara saba'in. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe.

Asabar, 3 ga Nuwamba

Babu wasiƙa. Ai bai isa a ce ta iso ba ma.

Litinin, 5 ga Nuwamba, da rana

Likita ya sake wanke hannu. A bakin ƙofa ya tsaya yana ɗaure maɓalli, ya ce, "In akwai abin da kuke so ta haɗiya, kada ya wuce makon nan." Ɗan cocinsu ne, ya san abin da yake faɗa, ni ma na sani.

Cokali biyu, na biyun ya dawo. Babu wasiƙa.

Talata, 6 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Ina gyara mata matashi ta kama hannun rigata. Ta ce, "Evert, na san komai. Riek ba ta iya raɗa ba, bangon nan kuma katako ne."

Na fara cewa Dirkje za ta aiko, ta girgiza kai. Ta ce, "Na janye. Ka ji ko? Na janye roƙona. Uwarka ta riga ni zuwa wurinka, ban aure ka don in raba ka da ita ba." Ta huta, ta nemi numfashi. Ta ce, "Fada zai kawo mini, in karɓa, kai ka zauna nan kusa inda zan gan ka. Ai a can babu bencin baya."

Da ta yi kuka ko ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Shekara talatin da ɗaya matar nan ba ta taɓa ce mini ka zo cocinmu ba, ko da danginta suka hana ta sakat. A ɗakin rigunan nan aka ɗaura mana aure, babu ƙararrawa babu waƙa, don ni, ba ta taɓa goranta mini ba. Abu ɗaya ta roƙa, shi ma ta mayar da shi don kada ya yi mini nauyi. Na fita shago na kwance wata ƙafar keke da babu abin da ya same ta, na sake ɗaurawa.

Laraba, 7 ga Nuwamba, da yamma

Na tsaya a mashigin fito. Jirgi ya zo sau uku. Shanu biyu, wani mai sayar da kifi, 'yan makaranta. Babu wasiƙa.

Alhamis, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Na je. Na ce, "Fada, yaushe?" Ya ce Asabar da safe. Bai nuna ya ci nasara ba, ko kaɗan. Ya miƙo sigarin, wannan karon na karɓa, yana nan cikin aljihu ya karye.

Asabar, 10 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

An yi.

Asabar ɗin dai, da yamma

Ruwan da sanyi. Ya zuba da yawa don kada a sake samun mai shakka, ya gangaro ta bayan kunne har cikin wuyan rigata. Dole sai da uwar baftisma, Riek ce ta tsaya. Da muka fito ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "To, ɗan hayi, daga yau ni ce uwarka, sai ka riƙa gaishe ni da safe." Sai ta dubi fuskata. Ta toshe bakinta da hannu, ta yi ta kuka har gida, ni nake lallashinta.

Na canza riga kafin in shiga wurin Fien. Duk da haka ta taɓa gashina ta gane. Ta daɗe riƙe da kaina.

Lahadi, 11 ga Nuwamba, da rana

Fada Loeffen ya kawo gurasar tarayya. Riek ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur ta kunna kyandir biyu. Ya gutsuro ɗan kaɗan, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya sa a cokali da ɗigon ruwa. Na tallafo kanta. Muka jira, muka jira, sai na ga maƙogwaronta ya motsa. Na durƙusa a gefen gadon ya ba ni nawa.

Idonta a buɗe, ta san ni sarai. Ta ce, "Ɗan hayi, ka iso."

Bari in rubuta wannan a fili don kada gobe in musa: na yi farin ciki. Ban yi nadama ba. Da za a sake, zan sake.

Litinin, 12 ga Nuwamba, ƙarfe biyar

Wajen sha ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofar shago. Baƙar riga, baƙar hula, lema tana ɗiga. Dirkje. Ba ta taɓa taka wannan gefen kogin ba tun da nake nan.

Ta cire takalmi ba wanda ya ce mata. Ta shiga, ta ga gicciye a bango ta kau da kai, ta tsaya a ƙarshen gadon. Ta ce, "Ke ce Fien." Fien ta ɗaga yatsu biyu. Ta ce, "Na zo a makare, ki yi haƙuri. Taurin kai gadonmu ne, kin dai sha fama da shi."

Ta buɗe jaka ta ciro takardar, ta riga ta sa hannu da tawada, sunanta cikakke. Ba ni ta kalla ba, Fien take faɗa wa. Ta ce faston ya tsufa a lokacin, hannunsa rawa yake yi, ba ya iya dangwalawa, sai ya kamfato da tafin hannu gaba ɗaya, sau uku. Ta ce, "Ya gangaro ta goshi, ya shiga ido, ya shiga kunne, ya jiƙe hannun rigar Inna har gwiwar hannu. Wannan ya tsala ihu har bencin baya suka yi dariya. Na miƙa ƙyalle in goge, Inna ta buge mini hannu, ta ce a bar shi ya bushe da kansa. Da jiƙaƙƙen hannun riga ta koma gida cikin wannan sanyin."

Sai ta miƙo mini. Ta ce, "Ungo, kai wa Fadanku. Ba don na yarda da inda za ka ba. Don kada wani ya zuba ruwa a kan ruwan Inna."

Riek na bakin ƙofar kicin, na ji ta ja numfashi za ta yi magana. Fien ta buɗe ido ta dube ta, kallo ɗaya, Riek ta koma ciki. Sannan Fien ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata ta ce, "Mun gode, Yaya."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce to.

Kwana biyu. Tun ranar Juma'a ta sa hannu, kwanan watan na nan a jiki. Asabar iska ta hana jirgin fito tashi, Lahadi kuwa Dirkje ba ta tafiya ranar Ubangiji.

Talata, 13 ga Nuwamba

Ba ta sha komai ba. Ina jiƙa mata leɓe da ƙyalle.

Laraba, 14 ga Nuwamba

Ƙarfe tara da kwata na safe. Ina riƙe da cokalin.

Asabar, 17 ga Nuwamba, da yamma

An yi ƙararrawa, an yi waƙa, duk abin da aka hana ta ranar aurenta an yi mata yau. Na zauna a bencin gaba, na tashi na je na karɓa ni kaɗai. Da na juyo idona ya tafi bencin baya da kansa, babu kowa a wurin.

Dirkje ta zo. Ba ta shiga coci ba, ba ta shiga makabarta ba, a bakin ƙofar ƙarfe ta tsaya da lemarta har aka gama. Riek ta ce mini, "Ka faɗa mata da bakinka cewa an riga an zuba maka ruwan, Evert. Garin nan ƙarami ne, mai sayar da kifi ma hayewa yake kullum." Na ce zan faɗa.

Na raka Dirkje mashigin fito ina tura keke, don ta ƙi hawa. Tun daga makabarta nake jera maganar a raina, na jera ta tsaf. Ta ce in zo gobe bayan sujada, ko wace iri ce sujadar tawa yanzu, za ta dafa miyar wake. Ta ce na rame, rigar ta yi mini yawa. Jirgi ya taso daga can hayi muna kallonsa.

Ta ce, "Ya karɓi takardar?"

Takardar na cikin aljihuna na ƙirji, ban kai wa kowa ba, ban san wanda zan kai wa ba. Na buɗe baki. Sai ta cire safar hannu, ta yi ɗage, ta ɗora yatsunta a goshina kamar yadda take yi in ina zazzaɓi ina yaro. Ta ce, "Nan ne. Daidai nan ya fara, ya bi ta nan." Ta ja yatsan a hankali har bayan kunnena. Idonta ya cika, ban taɓa ganin haka ba ko ranar da aka binne Baba. Ta ce, "Shekara sittin da ɗaya ina ganinsa. Yana nan yadda ta bar shi, babu wanda ya taɓa, ko Auta?"

Na ce, "Babu, Yaya."